Yatsu Biyu

"Sake min hannu!"

"Auta, don girman Allah ki saurare ni..."

"Na ce ka sake min hannu! Ko nawa yatsan ma za ka danna a tawada?"

Ya sake ta kamar wanda ya dafa dutsen guga. A bayan kamfanin ɗinkin suke tsaye, gefen tankin ruwa, wurin da suka shekara biyu suna cin abincin rana a kwano ɗaya. Shi ne mai riƙe takardun kamfanin, kowa Sakatare yake ce masa. Ita kuwa tela ce a layi na uku, autar Inna, babbar mai yanka wadda ake kira Uwar Almakashi. Saura wata uku aurensu.

Wulaƙancin da aka yi da safen nan kuwa, ko kare ba zai shinshina ba.

Ƙaramin Oga, ɗan marigayi mai kamfanin, ya sa aka tsayar da kekuna, ya tara mata arba'in a tsakiyar ɗakin ɗinki. Ya ce zamani ya canza, kasuwa ta yi tsauri, an kawo injin yanka mai kwamfuta, shi kuwa injin ba ya shiri da wanda bai san baƙi ba. Ya miƙa wa Inna takarda. Matar da ta shekara ashirin da bakwai a kan teburin yankan nan, tun kamfanin yana da keke huɗu da fanka ɗaya! Ta karɓa, ta juya gaba, ta juya baya. 'Yan matan da aka ɗauka bana suka fara ƙunshe dariya.

"Sakatare, karanta mata," in ji Ƙaramin Oga. "Da ƙarfi, kowa ya ji, kada gobe a ce an ce."

Ya kuwa karanta. Mutumin da Inna take tsamo wa nama daga kwanonta, take ce masa "ɗana" tun kafin ya furta yana son 'yarta, shi ya tsaya ya karanta mata sallama. Da ya gama ya kama babban yatsanta, ya danna a tawada, ya dangwala a ƙasan takardar.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dubi Ƙaramin Oga sama da ƙasa.

"Kana wata huɗu uwarka ta kawo ka nan, ka tsula min fitsari a cinya. A lokacin dariya na yi. Ashe somin taɓi ne."

Ta zari almakashinta ta fice, ko mayafi ba ta gyara ba.

Shi ne yanzu yake biyo Auta bayan tanki da idanu jawur.

"Zuciyata, da na ƙi, shi zai karanta da bakinsa. Kin san bakinsa. Wallahi har layi biyu na tsallake, don kada ta ji kunya a gaban mutane..."

"Sannu da ƙoƙari! A kawo maka lambar yabo?"

"To me kike so in yi?"

"Ka ajiye takardar ka fita. Ƙafa gare ka."

"In fita zuwa ina, Auta? Kamfani uku aka rufe a titin nan tun farkon shekara. Baba yana kwance, ƙannena uku suna makaranta. Ba mun shirya ba? Ki gama kwas ɗinki, ki samu wurin tsayawa, sannan ni ma in ajiye biro. Ɗaya bayan ɗaya. In muka yi tsalle tare muka faɗi tare, wa zai ɗaga wani?"

Gaskiya ne sun shirya. Tun ranar da aka fara jita-jitar injin, Auta ta gane ɗinkin kamfani ba zai tsufa da ita ba. Shi ya nemo mata kwas ɗin haɗa wayar wuta da sola, kwana uku a mako bayan an tashi aiki. Shi ya rubuta shirin a bayan takardar kalanda, wata-wata: ga lokacin jarrabawa, ga lokacin da za ta ba da notis na barin aiki, ga aure, ga lokacin da shi zai tafi koyon gyaran injina. Har filaya da sukundireba ya saya mata, ya ɗaure su da jan zare kamar wata kyautar zobe.

"Shirinmu bai ce ka kama yatsan uwata ba," ta ce, ta wuce ta bar shi da kwanon abinci.

Kwana uku Inna tana dirzar yatsan nan. Ta sa sabulu, ta sa lemon tsami, har da soson ƙarfe. Tawadar ta shige ƙarƙashin farce ta ƙi fita. Sunan Sakatare kuwa ya mutu a gidan, sai dai "mai karatu".

"Mai karatu ya kira ki? Ki gaishe shi. Ki ce makarantarsa ta yi albarka."

Rana ta huɗu ta ce Auta ta raka ta ofishin da ake kai ƙorafin ma'aikata. Tun ƙarfe bakwai suke kan benci, sai bayan sha biyu aka kira su. Wata mata mai tabarau ta karɓi kwafin takardar, ta duba, ta girgiza kai.

"Mama, ai ke kika ajiye aikin da kanki."

"Ni? Uban wa ya ce?"

"Yatsanki ya ce. Ji nan." Ta karanta a hankali. "Ni mai wannan yatsa na yarda cewa ƙarfina ya ƙare, idona ya yi rauni, ba na iya aikin. Na ajiye don raɗin kaina, kuma ba ni da wani ƙorafi a kan kamfani."

Inna ta juyo ta dubi 'yarta. "An karanta wannan ranar?"

Kwafin yana cikin jakar Inna tun ranar, ita kuwa baƙin ciki bai bar ta ta buɗe ba. "Ba a karanta ba, Inna."

"Da an karanta miki, Mama, da kin ƙi dangwalawa, da akwai magana," in ji mai tabarau. "Yanzu kam hannuna a ɗaure yake. Na gaba!"

Layuka biyun kenan. Tausayinsa kenan! Ya rufe mata kunne, ya kai ta ya baro.

A motar komowa, da suka kusa sauka, Inna ta ce:

"Allah ya isa tsakanina da duk wanda ke cin abinci a ƙarƙashin rufin nan. Kowa da kowa."

Auta ba ta je ta yi masa ihu ba. Ihu ai na mai sauran sanyi ne a zuciya. Washegari da rana ta je bayan tanki da kwanonta, ta zauna inda ta saba zama.

"Zo mu ci, Nawa."

Ya tsaya kamar an dasa shi. "Kin... kin huce?"

"Fushi ai ba sana'a ba ce."

Sai da ya share ido da bakin hannun riga kafin ya zauna. "Hasken idona, wallahi kwana huɗu ban san ɗanɗanon komai ba. Inna fa? In zo in durƙusa mata?"

"Bari ta sha iska tukuna. Ci abincinka."

Ya ci, har da santi. Ita tana kallon yatsun da yake ci da su.

Mako na gaba aka sauke yadi. Kwangila ce babba, wadda Ƙaramin Oga yake ta tutiya da ita: kayan ma'aikatan wani babban asibiti, riga da wando, saiti dubu biyu. Kowa ya san in ta tafi daidai kamfanin zai ga ƙarshen shekara, in ta lalace kuwa sai kwaɗo a ƙofa. Bandir-bandir na shuɗin yadi suka cika sito, ga sheƙi, ga araha, ga takardar dillali da ta rantse ba ya ƙanƙancewa.

To Inna ba ta taɓa yarda da takardar dillali ba, tunda ba ta san me ke ciki ba. Nata gwajin daban ne. Duk sabon yadi, sai ta yanki ƙyalle daidai tsawon tafin hannunta, daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa. Ta tsoma shi a ruwan zafin fulas ɗin shayinta, ta matse, ta busar da dutsen guga, ta sake shimfiɗa shi a hannu. In kan yatsa ya leƙo, yadin maƙaryaci ne, sai ta ƙara masa rara a yanka. A fom ɗin karɓar kaya akwai wurin da aka rubuta "an gwada yadi". Shekara da shekaru Sakatare yakan leƙo ne kawai ya ce, "Inna, yaya?" Ta ce lafiya, ko ta ce a ƙara yatsa ɗaya. Ya sa hannu. Injin mai kwamfuta kuwa ba shi da fulas, abin da aka danna masa shi yake yanka.

Mutum ɗaya ta rage a kamfanin da ta iya gwajin nan.

Ranar Juma'a, lokacin hutun rana, Auta ta shiga sito ta yanki ƙyalle biyu. Ta gwada ɗaya a ɗakin guga. Da ta shimfiɗa shi a hannu sai ta ga kan yatsanta ya leƙo sosai. Ta cusa ɗayan a jaka ta kai gida.

Inna ta yi gwajin da kanta a kan teburin kicin. Ta shimfiɗa, ta shafa bakin ƙyallen da ɗayan hannun. Sai ta tuntsire da dariya, irin wadda rabon Auta da jin ta tun kafin sallama.

"Yatsu biyu! Yatsu biyu a tafi ɗaya! Ke, wandon nan in ya sha ruwan zafin asibiti, a gwiwa zai tsaya. Likitoci za su koma 'yan ƙwallo!"

"Ranar Litinin za a fara yanka, Inna."

"To a yanka mana. Ba injin ya fi ni ido ba? Ya gani da kansa." Ta daina dariya. "Ki kama bakinki, kin ji ko? Nonon da kika sha nake haɗa ki da shi."

"In an tambaye ni fa?"

"Wa ya tambaye ni kafin a kama min yatsa?"

Ranar Litinin da safe, kafin a kunna injin, ya zo layi na uku da fom a hannu. Ya sunkuyo kusa da kekenta, ƙamshin sabulun wankinsa ya cika mata hanci.

"Autata, taimake ni. Wurin nan na gwaji... ni ban san kan yadi ba. Oga ya ce in sa hannu kawai, takardar dillali ta isa. Amma hankalina bai kwanta ba. Ke kin iya na Inna. Kin duba min?"

"Na duba."

"Yaya?"

Ta ɗago ta dube shi. Ga ɗan tabon da ke gefen girarsa, ga maɓallin wuyan rigarsa da ita ta sake ɗinke masa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da rami. Zuciyarta ta ce faɗa masa, ai shi ne. Sai ta tuna matar nan mai tabarau tana cewa na gaba.

"Lafiya lau yake, Nawa."

"Alhamdu lillahi! In babu ke ban san yadda zan yi ba." Ya dafa fom ɗin a kan teburin kekenta ya rattaba hannu.

Mako uku ana ɗinki ba ji ba gani. Injin yana tsarge yadi ɗari-ɗari, Ƙaramin Oga yana zagayawa da baƙi yana nuna musu shi kamar ɗan fari. Auta ta fi kowa sauri, ta fi kowa tsabtar ɗinki. Duk wandon da ta kai ƙarshen ƙafarsa sai ta ji wani sanyi ya ratsa ta, mai daɗi da ɗaci a haɗe.

Maman 'Yan Biyu, mai keken da ke gefenta, ta zungure ta. "Amarya, wannan saurin fa? Ko angon ne ya ce in kin gama da wuri zai ƙara miki kwana?"

"Ke dai ɗinka, Maman 'Yan Biyu."

"Ina ɗinkawa, 'yar nan. Kwangilar nan ita ce makarantar yarana. Kullum sai na tofa mata addu'a."

Ranar Auta ta karya allura biyu.

Da yamma kuwa tana can wurin kwas, ita kaɗai mace cikin maza goma sha bakwai, tana fere waya tana haddace wace ce mai wuta, wace ce ta ƙasa. Hannun da ya saba da zare bai sha wahalar waya ba. Injiniyan da ke koya musu ya ce in ta ci jarrabawa zai ɗauke ta gwaji na wata uku, amma kada ta sa rai da yawa, shi ma aikin yau akwai gobe babu. Ta ce ta ji.

Ta ci jarrabawar. Ta ba da notis wata guda kafin lokacin da ke bayan kalanda.

"Me ya sa kika matso da shi?" Sakatare ya tambaya. "Gwaji ne fa kawai ya ce, ba aiki ba. In bai riƙe ki ba fa?"

"Na gaji da warin wurin nan."

"To shi kenan, zuciyata. Ai ina nan. Ko me ya faru, albashina zai riƙe mu."

Ta yi masa murmushi. Ranar da motar asibiti ta kwashe kaya, ranar ta rufe kekenta da ƙyalle ta fita.

Kwana tara aka yi. Ran na goma motar ta dawo da kayan, saiti dubu biyu, an wanke an goge, ko wanne ya koma kamar na ɗan firamare. Kafin a gama sauke motar, labarin ya iso gidan Inna. Inna ta sa aka maimaita mata sau uku yadda wani ƙaton ma'aikacin jinya ya sa riga ta tsaya masa a cibiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tashi ta dafa abin da ta fi so, ta ci ta suɗe hannu.

Dariyar ba ta kwana biyu ba.

Asibiti ya soke kwangila. Ƙaramin Oga ya zaro fom, ya nuna wa duniya sa hannun Sakatare, ya kore shi da takardar da ta kira shi maha'inci, irin takardar da ba ofishin da zai sake ba shi ko kujerar mai gadi. Ya sallami mata talatin da ɗaya rana guda. Shi kuwa uban gayyar? Ya sayar da injin, ya buɗe wurin wankin motoci a ɗaya gefen gari, tumbinsa ko kaɗan bai ragu ba. Irinsu ai ba sa faɗuwa, a kan mutane suke sauka.

Maman 'Yan Biyu ta zo yi wa Inna sannu, ta zauna a bakin gado tana jujjuya gefen mayafi.

"Yaya, da kina nan da haka ba ta faru ba. Ni dai in akwai wanda ya sani ya yi shiru, ban yafe ba. Har gaban Allah ban yafe ba."

Auta ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Sakatare bai zo ba, bai kira ba, har kwana shida. Ran na bakwai da la'asar, Auta tana dawowa daga aiki da jakar kayan wuta a kafaɗa, ta same shi zaune a matakalar benen gidansu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Nawa..."

"Zauna, Auta. Ba faɗa na zo yi ba."

Ta zauna mataki biyu a ƙasa da shi.

"An titsiye ni in faɗi wanda ya gwada yadin. Na ce ba wanda ya gwada, ni na sa hannu da ka. Sunanki bai fito ba, ba kuma zai fito ba." "Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce kuskure kika yi. Ki ce ruwan bai yi zafi ba, ko hannunki bai kai na Inna ba. Ko ƙarya ce zan karɓa, wallahi zan karɓa, mu yi aurenmu, in yi dako in ciyar da ke. Ki ce ba ki sani ba."

Hanya a buɗe take. Saura mako uku aure. Baki kawai za ta buɗe.

"Na sani," ta ce. "Yatsu biyu ya ci. Tun ranar Juma'a na sani."

Ya runtse ido.

"Kai ma ka sani!" Muryarta ta fashe. "Layuka biyun da ka tsallake, ka san me suka ce? Sun ce ita ta ajiye aiki! Sun ce ba ta da ƙorafi! Mun wuni a benci, aka kore mu kamar mabarata! Ka rufe mata kunne ka dangwala mata yatsa, sannan ka zo kana ce min tausayi!"

"Ban san... na rantse ban san zai hana ta ƙara ba. Ni farkon layin na gani, bakina ya kasa."

"Bakinka ya kasa me?"

Ƙofar sama ta buɗe. Inna ce, dafe da bango. Ashe tana ji.

"Bar shi ya ba ni amsa da kansa. Kai, mai karatu! Me bakinka ya kasa?"

Ya miƙe, ya sunkuyar da kai. "Wurin da aka ce idonki ya yi rauni, Inna."

"To ƙarya ce ai. Ƙarya tana kashe mutum ne? Da ka karanta, da na ƙaryata shi a gaban kowa!"

Ya kawar da kai gefe.

"Magana nake maka!"

"Inna... wata shida na yi ina shigowa da sassafe in jera miki alli da almakashi a inda hannunki zai sauka. Ranar da kika zuba shayi a gefen kofi, ni na goge kafin a gani. Da ƙarya ce da na karanta. Tsoro na ji kada ya ce a kawo allura ki zura zare a gabansu."

A ƙasa wata mota ta yi hon ta wuce.

Auta ta juya a hankali. "Inna?"

Inna ba ta dubi inda take ba. Ta dubi ɗan gefe kaɗan, wajen muryar. Sai yanzu Auta ta lura, sai yanzu, ita da take kwana ɗaki ɗaya da matar!

"Idon hagun ya tafi tun bara," Inna ta ce, muryarta a bushe. "Na daman ma hayaƙi ne. Hannuna ke yanka, kuma bai taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya! Wannan ba hujjar a wulaƙanta ni ba ce!"

"Ba hujja ba ce, Inna," ya ce. "Na cuce ki, ban da bakin kare kaina. Ki yafe min in kin iya. Gobe zan tafi wurin kawuna, yana lodin manyan motoci, ya ce akwai wurin mutum ɗaya. Na zo sallama ne."

Ya sauka. Ya raɓa ta gefen Auta, ko rigarsa ba ta taɓa ta ba.

Inna ta lalubo ƙarfen matakala ta riƙe.

"Ke kuma zaman me kike? Na ce ki kama baki, ban ce ki dubi idon yaro ki yi masa ƙarya ba!"

"Kin ce kowa da kowa, Inna!"

"To na faɗa! Baki ne, nawa ne! Tashi ki bi shi, shashasha!"

Ta yar da jakar, ta kwasa a guje. A bakin titi ta cim masa, wurin tsayawar bas. Ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu, ba ta damu da masu kallo ba.

"Nawa, kada ka tafi! Injiniya ya ce zai riƙe ni. Yanzu ni zan riƙe mu, kai ka je koyon gyaran injin. Ɗaya bayan ɗaya, ba haka ka ce ba? Na tuba... wallahi na tuba!"

Ya dube ta, hawaye yana bin gefen hancinsa.

"Na yafe miki tun kafin in hau matakalar nan, Autata. Ina son ki, ban san ranar da zan daina ba."

"To mene ne?"

"Mako uku, Auta. Mako uku kina zuba min abinci, kina ce min Nawa, kina murmushi, kina ɗinka ramina da hannunki. Ban ga komai a fuskarki ba. Ko ɗigo." Ya zare hannunta daga rigarsa a hankali, yatsa bayan yatsa. "In na aure ki, duk ranar da kika yi min murmushi sai cikina ya ɗuri ruwa. Ba zan iya kwana da tsoron matata ba."

Bas ta tsaya. Ya shiga. Bai zauna ta wajen taga ba.

Ta daɗe a tsaye har hayaƙin ya baje. Sannan ta juyo, tana jan ƙafa. Filaya da wayoyi suna warwatse a matakala inda jakar ta zube. A can sama Inna tana nan inda aka bar ta, riƙe da ƙarfe, ta karkato kunne tana sauraron takun da ke hawowa.

"Auta? Ku biyu ne?"

Auta ta tsaya, ta danne bakinta da bayan hannu har kukan ya koma.

"Ni kaɗai ce, Inna."